Alamun Ƙosawar Rama

Wanda ya bi hanya daga Tsafe zuwa Gusau, har Bungudu, da ƙarshen damina, ba zai rasa ganin rama tsaye a gefen gonaki ba. Ganyenta mai yatsu ya ɗauko kamannin na wiwi, shi ya sa masanin tsirrai Liniyas ya raɗa mata suna Hibiscus cannabinus a 1759. Amma ba danginsu ɗaya ba, ita 'yar'uwar auduga ce da kuɓewa.

To, abin da ya kamata mu riƙe shi ne, rama ƙosawa biyu gare ta.

In igiya muke so, sai mu zuba ido ga fure. Wadda aka shuka a Yuni takan fara fure wajen Satumba ko Oktoba. Furen fari ne mai ratsin rawaya, cikinsa ja wur, ya buɗe da safe, kafin dare ya yanƙwane. Da ganin furannin farko, lokacin yanka ya yi. In muka yi gaggawa, zaren ba ƙarfi. In muka yi sake har ta yi 'ya'ya, ɓawon ya manne wa kara, zaren ya yi kaushi, wahalar damina ta tafi a banza. Bayan yanka, a jiƙa ta cikin kududdufi kamar mako biyu, sa'an nan a ɓare.

In kuwa iri muke nema, sai mu bar waɗansu har ƙwansonsu ya bushe ya yi ruwan ƙasa, mu girbe tun bai tsage ya zubar ba.

Mu da za mu koyar, mu fita da yara gona su gani da idonsu, gama gani ya kori ji.