Rediyon jirgin shaƙatawa a Birtaniya: takardu, kuɗi da abin da iyali za su sani

Iyalin da suka sayi ƙaramin jirgin ruwa a Birtaniya domin shan iska ko kamun kifi ranar hutu sukan fara da rigunan hana nitsewa da man inji, su bar maganar rediyo zuwa baya. Ni a wurina rediyon yana sahun gaba, domin wayar salula takan rasa sabis da zarar an yi nisa da gaɓa, kuma mutum ɗaya tak take kira. Rediyon VHF kuwa duk jirgin da ke kusa zai ji kiranka, haka ma masu gadin gaɓar teku.

1. Takardu biyu ake nema, kada a haɗa su. Ɗaya lasisin na'urar ce, wanda hukumar sadarwa ta Ofcom ke bayarwa. Ɗayar kuma shaidar ƙwarewa ce ta wanda zai riƙe na'urar ya yi magana. Dokar 2006 kan sadarwar rediyo ta haramta amfani da na'urar ba lasisi, kuma hukuncin yana iya kaiwa ga tara da ƙwace kayan.

2. Lasisin na'ura kyauta ne idan ka nema ta intanet a shafin Ofcom. Wanda ya zaɓi cike takarda ya aika ta gidan waya zai biya fam 20. Lasisin ba ya ƙarewa, amma sai ka koma ka tabbatar da bayananka aƙalla sau ɗaya cikin kowace shekara 10, kuma ka gyara su duk lokacin da ka sauya gida ko ka ƙara wata na'ura. Tunda abu ne na 'yan mintuna kuma ba ko sisi, ban ga uzurin mai jirgin da zai fita ba shi da shi ba.

3. Duba irin lasisin da ya dace da kai. Akwai na jirgi, wanda ke ɗaure da jirgi guda, ya kuma ƙunshi rediyon da aka kafa a ciki da rada da na'urar da ke sanar da wurin da jirgi yake idan ya yi hatsari. Akwai kuma na oba-obar hannu, wanda ke bin mutum daga wannan kwalekwale zuwa wancan. Na biyun ya fi dacewa da mai hayar jirgi ko mai tuƙa kwalekwale da filafili, sai dai iyakarsa ruwan Birtaniya. Mai niyyar tsallaka mashigin ruwa zuwa Faransa lasisin jirgi zai nema.

4. Kuɗin yana wajen koyo ne. Shaidar ƙwarewar ita ake kira SRC, ƙungiyar RYA ce ke gudanar da jarrabawarta a madadin hukumar harkokin teku ta MCA. Ana yin kwas na yini ɗaya a aji, ko a bi shi ta intanet a gida, sannan a je gaban mai jarrabawa a rubuta, a kuma gwada kira a kan na'ura. Kuɗin jarrabawar bai kai fam 100 ba, na kwas kuma daban ne, kowace cibiya da farashinta, don haka a tambayi biyu ko uku kafin a biya. Sai wanda ya cika shekara 16 ake yi wa jarrabawar, kuma shaidar ta har abada ce. Doka ta yarda wanda ba shi da ita ya yi magana a rediyon muddin mai shaidar yana tsaye a kansa. Duk da haka shawarata ita ce mutum biyu a gida su yi kwas ɗin, maigida da uwargida ko babban ɗa. Sau da yawa wanda ya iya rediyon shi ne matuƙi, kuma shi ne wanda zai iya faɗawa ruwa ko ciwo ya kama shi.

5. Tare da lasisin za a ba ka lambar kira da wata lamba mai alƙaluma 9 da ake ce wa MMSI. Shigar da ita cikin rediyon da natsuwa, domin da yawa daga cikin na'urorin ba sa barin a goge a sake sai an kai su wurin dillali. Ka kuma haɗa rediyon da GPS idan ba shi da nasa a ciki. Akwai wani jan maɓalli a ƙarƙashin murfi, idan aka danne shi na 'yan daƙiƙu zai aika lambar jirgin da daidai wurin da yake ta tasha ta 70, masu ceto su duba rajista su san jirgin wane ne. Rediyon da ba a sa masa lambar ba, maɓallin nan ba zai yi aikinsa ba. Idan jirgin na hannu ka saya, lambar kira da MMSI suna bin jirgin, amma lasisin tsohon mai shi ba ya binka, sai ka nemi naka da lambobin nan.

6. Tasha ta 16 ta neman agaji ce da kiran farko, ba wurin hira ba ce. Ka kira, ku koma wata tasha. A ja wa yara kunne sosai, kiran neman agaji na Mayday na ƙarya laifi ne babba, kuma yana iya janye jirgin ceto daga wanda ke nitsewa da gaske. Amma a koya musu inda jan maɓallin yake, a manna takarda kusa da rediyon mai ɗauke da sunan jirgi da lambobinsa da kalmomin da ake faɗa.

7. Kowace ƙasa da dokarta. A Amurka, tun bayan dokar sadarwa ta 1996, ƙaramin jirgin shaƙatawa da ba ya fita daga ruwan ƙasar ba ya buƙatar lasisin VHF. Da zarar zai shiga tashar jiragen ruwa ta Kanada ko Meziko ko Bahamas, sai ya nemi lasisin hukumar sadarwa ta FCC mai shekara 10, wanda ake biya, tare da izinin mai magana. Masu shiga kogunan Jamus da Holan da Beljiyam kuwa ana buƙatar rediyonsu ya ɗauki wata lamba ta daban mai suna ATIS, kuma mai jirgi daga Birtaniya a wurin Ofcom zai neme ta kafin ya tashi.