Allurar Mutanen Sin da Ƙahon Wanzami

Idan kaka ta yi a Gozaki, an karya masara, an yanke dawa, an shiga cirar auduga, kukan da za ka fi ji a bakin manoma shi ne na ciwon jiki. Wannan ya ce ƙugunsa ya riƙe. Wancan ya ce gwiwa ta hana shi zaman tahiya. Mata ma ba su tsira ba, ga sussuka, ga ɗibar ruwa, ga goyo. Da yawa sai su aika a kira wanzami.

Wanzami zai zauna ya buɗe zabira, ya fito da ƙananan ƙahonin da aka huda tsininsu. Ya jiƙa bayan mutum da ruwa, ya kifa ƙaho, ya zuƙe iskar da bakinsa, ya liƙe hudar da kakin zuma. Fata ta kumburo. Can ya cire, ya yi 'yan tsage-tsage da aska, ya mayar da ƙahon. Idan ya juye jinin sai ya nuna maka, ya ce, "Ka ga mataccen jinin da ke damunka."

Mutanen ƙasar Sin ma suna yin ƙaho tun zamanin kakanninsu. Su yanzu da kofin gilashi suke yi. Sukan zura wuta a cikin kofin na ɗan lokaci, su kifa shi a fata ya kama, kuma galibi ba sa tsagawa. Amma abin da duniya ta fi saninsu da shi shi ne jinyar soka allura.

Allurar ba irin ta asibiti ba ce. Ba ta da rami a ciki, ba a ɗura magani da ita. Ta fi allurar ɗinki siranta nesa ba kusa ba. Marar lafiya zai kwanta, likita ya soka masa allurai kamar 5 zuwa 20 a wurare daban-daban, wata a hannu, wata a ƙafa, wata a baya ko a kunne. Wani sa'in ya ɗan murza ta da yatsa. A bar su kamar minti 20, sannan a zare. Yawanci ba a ganin jini, zafin kuma kaɗan ne. Zuwa ɗaya ba ya isa, akan yi ta komawa har makonni.

Wannan ilimi ya haura shekara 2,000 a rubuce, a wani tsohon littafinsu mai suna Huangdi Neijing. Malamansu na da sun ce akwai wani ƙarfi da ke zagaya jikin mutum ta hanyoyi na musamman, kamar yadda mai lambu yake kora ruwa daga wannan fangali zuwa wancan. Idan hanya ta toshe, wani wuri ya cika ya batse, wani ya bushe, ciwo ya samu. Allura ita ce mai buɗe hanyar. Sun ƙidaya wuraren soka ta guda 361 a jiki. Likitocin zamani sun bincika jikin mutum ciki da waje, ba su ga waɗannan hanyoyi ba. Abin da suka gano shi ne allurar tana taɓa jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, jiki kuma ya saki wasu sinadarai nasa na kansa masu rage zafi.

To, tana magani? An yi gwaji a kan dubban mutane a Turai da Amurka. Masu daɗaɗɗen ciwon baya, da ciwon gwiwa na tsufa, da ciwon kai mai yawan dawowa, da yawansu sun ji sauƙi. A 2017 wata babbar ƙungiyar likitoci a Amurka ta sa ta cikin abubuwan da mai ciwon baya zai iya gwadawa kafin ya kama shan ƙwaya. Sai dai ga abin mamaki: wasu an soka musu allurar a wurin da ba daidai ba da gangan, ba su sani ba, su ma suka ce sun ji sauƙi, kusan kamar na sauran. Ke nan kwanciyar da mutum ya yi, da kulawar da ya samu, da sa ran warkewa, duk suna da nasu rabon. Sauƙi ne dai, ba warkewa ba. Allura ba ta kashe ƙwayar cuta. Ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, ko tarin fuka, ko ciwon suga, ko daji. Ƙaho ma haka.

Nan ne ya kamata manomi ya buɗe kunne. Ba kowane ciwon baya ne gajiya ba. Idan ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare, ko ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya riƙa zuba ba a sani ba, a bar batun ƙaho, a nufi babban asibitin Malumfashi ko na Funtuwa. Tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati.

Babban hatsarin allura da na aska ɗaya ne, wato jinin wani. Ciwon hanta da ƙanjamau suna bin ƙarfen da ya shiga jikin mai cuta. Goge shi da tsumma ko ɗauraye shi da ruwa ba ya kashe su. Ƙwararren mai soka allura sabuwa yake ɓarewa daga leda a gabanka, ya jefar bayan ya gama. Idan kuma marar sani ya zurfafa ta a ƙirji, tana iya huda huhu. Shi ya sa ba a miƙa jiki ga wanda ya koya a waya. Wajen wanzami kuwa, ba raini ba ne ka ce, "Baba, ga sabuwar reza na zo da ita." Wanzamai da dama yanzu su da kansu suke cewa a kawo. Mai ƙarancin jini, da mai ciwon sikila, da mace mai ciki, su nemi shawarar likita kafin a zubar musu da jini.

Likitocin Sin na gargajiya ba su raba jiki da zuciya ba. Sun ce fushi yana taɓa hanta, tsoro yana taɓa ƙoda, baƙin ciki yana taɓa huhu. Wannan rabo ba a tabbatar da shi ba, amma sun yi daidai da suka ce damuwa tana kwantar da mutum. Wanda bashin taki ya hana shi barci, ko fargabar ɓarayin daji, zai ji kai na sara, ciki na zafi, ƙirji na bugawa. Wasu sukan ji natsuwa bayan an yi musu allura. Amma wanda ya yi makonni ba ya cin abinci, ba ya shiga mutane, ko ya fara cewa gara ya mutu, wannan rashin lafiya ce sosai. A kai shi asibiti. Akwai asibitin tarayya na masu irin wannan larura a Barnawa, cikin Kaduna.

Akwai maganin Sin da kusan kowane gida a Gozaki ya taɓa sha ba tare da ya sani ba. A 1967 gwamnatin Sin ta sa masana su nemo sabon maganin zazzaɓin cizon sauro. Wata mace mai suna Tu Youyou ta bi tsofaffin littattafai, ta tattara haɗe-haɗe sama da 2,000. Wani ganye dangin tazargade ya ja hankalinta, amma idan an dafa shi, yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Sai ta karanta a littafin wani malami, Ge Hong, wanda ya rayu sama da shekara 1,600 da suka wuce, cewa jiƙa ganyen ake yi a matse ruwansa. Ta gane zafin wuta ne ke ɓata shi. A 1971 ta tace shi ba da zafi mai yawa ba, ya kashe ƙwayar cutar a jikin ɓeraye da birai. Ta sha da kanta kafin a ba marasa lafiya. A 2015 aka ba ta lambar yabo ta Nobel. Daga wannan ganye aka samo maganin ACT da ake ba mu a asibiti, wanda ake sha kwana 3.

Kada wani ya ce to bari ya dafa tazargade ya huta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan haka. Ba ka san yawan sinadarin da ke cikin ganyen ba. Idan ya yi kaɗan, zazzaɓi ya lafa amma ƙwayar cutar tana nan, har ta saba da maganin. A yi gwajin jini, a sha ACT, a kuma shanye shi ko da an ji sauƙi tun rana ta biyu.

Ranar kasuwa za ka ga mai lasifika da kwalaye masu rubutun Sin, yana cewa ƙwaya ɗaya tana maganin basir da sanyi da hawan jini da ƙarfin maza. Rubutun Sin a jikin kwali ba shaida ba ce. Ganye ma yana illa: a ƙasar Beljiyam, a farkon shekarun 1990, mata kusan 100 ƙodarsu ta lalace saboda ƙwayar rage ƙiba da aka haɗa da wani tsiro daga Sin.

Don haka kowa ya ɗauko kwalin magani ɗaya a gidansa. Ya nemo lambar hukumar NAFDAC a jikinsa, ya karanta wata da shekarar da zai lalace.