Darasin Tarihi: Ki Kai Yara Su Ga Tsohon Birnin Kano

Darasinmu na wannan fitowa na ziyara ne, kuma ba mai nisa ba. Daga Kura ko Bunkure, in an hau titin Zariya, tafiyar ba ta fi awa guda a mota ba. Amma da yawanmu ba ma shiga birni sai don asibiti ko sayayyar kayan ɗaki. Idan an gama cire tumatir an ɗan samu sarari, ki nemi izinin maigida, ko ma ku tafi tare, ku kai yara.

Ki fara da Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Lungunanta matsattsu ne, don haka ki riƙe hannun ƙananan sosai, kuma ku je da safe kafin cunkoso. A nan ayarin raƙuma daga Tarabulus, birnin Libiya da ke bakin tekun Bahar Rum, suke sauke alharini da takarda da duwatsun wuya, su ɗauki jar fata da gashin jimina da tufafi. Har da bayi, wannan ma kada ki ɓoye wa yara.

Fatake Larabawa, musamman mutanen Gadamas, sun zauna a Dandalin Turawa. Kin ga ke nan a da Larabawa ake kira Turawa, tun kafin zuwan Ingilishi a 1903. Sunan unguwar Alfindiki kuwa daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ya samo asali. Gurasar Jakara da alkakin da muke jerawa a gara, sunayensu ma na Larabci ne. Ki saya musu gurasar su ci, sai ki faɗa musu haka, sun fi riƙewa.

Daga nan ku wuce karofin Ƙofar Mata. Nan ne darasin ya shafe mu kai tsaye. Tun kafin ruwan Tiga ya mai da yankinmu na shinkafa, da rini da bugu aka san Kura. Baƙin turkuɗi mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa, ɗan Kura ake ce masa. Bature Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin ƙasar Kano na kaiwa har Tarabulus. Zuwan jirgin ƙasa a 1911 ya karkatar da ciniki zuwa Ikko, hanyar Sahara ta mutu, daga baya yadin kanti ya danne na gida. Yau yaro ɗan Kura sai ya girma bai taɓa leƙa karofi ba.

In lokaci ya rage, ku shiga Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, inda aka ajiye kayan tarihi. Ki nuna musu abin da ya saura na badala a hanya, domin gine-gine da masu ɗibar ƙasa sun cinye da yawa. Kafin ku tafi, ki sa kowane yaro ya tambayi kakarsa ko akwai marini a danginku.