Yadda Za A Duba Takardar Mai Neman Aikin Injuna

Hakimai da malamansu na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram sun san cewa aikin da ke zuwa ƙofar gidan hakimi yanzu ya bambanta da na dā. Tun daga gyaran mulkin ƙananan hukumomi na 1976 ɗaukar ma'aikata ya bar hannun sarakuna, amma shawara ba ta bar hannunsu ba. Idan an haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, ko an kai kwamfuta asibitin ƙauye, akan ce wa hakimi ya nuna yaron da zai kula da ita, ko kuwa a sa malaminsa cikin kwamitin da zai zaɓa. Sai ga samari biyar ko goma, kowa riƙe da takardar tarihin karatunsa da aikinsa, wadda su ke kira si-bi, cike da sunayen injuna da Turanci. Wanda zai zaɓa kuwa bai taɓa kwance inji ba.

Abin ba na wasa ba ne. Idan aka ba wanda bai iya ba, ya ƙone injin rijiya cikin watan bazara, mata da yara su ne za su koma rafi, kuma jama'a ba za su tambayi wace makaranta ta ba shi shaida ba. Za su ce yaron hakimi ne.

Takardun makaranta da darajarsu

Da farko lalle ne malami ya san takardun da kansu, domin sunayensu sun yi kama, darajarsu kuwa ba ɗaya ba ce.

Mafi yawan masu aikin hannu suna kawo takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Tana da daraja uku, kuma a nan ne akan ruɗe: daraja ta 3 ita ce ta ƙasa, ta 1 ita ce ta sama. Wanda ya fito kwalejin koyon sana'a yakan kawo takardar NTC daga hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992. Matsayinta kamar na gama sakandare ne, sai dai a kan sana'a guda, kamar haɗa wayar lantarki ko aikin famfo. Sama da ita akwai ND, watau karatun shekara 2 a kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta Dutse ko ta Hussaini Adamu da ke Kazaure. Daga nan sai mutum ya yi shekara guda yana aiki, sa'an nan ya koma ya ƙara shekara 2 ya sami HND. Digirin injiniya a jami'a shekara 5 ne. Mai HND da mai digiri ana sa ran su nuna takardar bautar ƙasa, ko ta yafewa.

Akwai kuma wata takarda da ake kira difloma ta kwamfuta, wadda shagunan koyarwa ke bayarwa bayan wata uku ko shida. Ba laifi ba ce, amma ba ND ba ce, ko da an yi mata zanen zinariya a gefe. Haka nan sunan injiniya. A bakin jama'a duk mai riƙe da sifana injiniya ne, ba kuwa mai hanawa. A doka, injiniya shi ne wanda hukumar COREN, da aka kafa a 1970, ta yi wa rajista ta ba shi lamba. Wanda ya rubuta wannan suna a gaban sunansa, a tambaye shi lambarsa.

Lissafin shekaru

To, abu na biyu ba ya bukatar sanin inji ko kaɗan, sai lissafi, wanda kowane malamin hakimi ya ƙware a kai. A ɗauki fensir a jera shekarun da ke cikin takardar. A ce yaro ya rubuta an haife shi a 2001, ya gama sakandare a 2019, ya sami ND a 2022, sa'an nan ya ce ya yi shekara 8 yana haɗa faifan hasken rana. Shekarun ba su cika ba. Kada dai a yi saurin ƙaryata shi, domin yara da yawa a ƙasarmu suna zuwa shagon ubangida da yamma tun suna makaranta. Sai a tambaye shi wurin wa ya koya, a wane gari. Amsarsa za ta raba gardama.

Haka kuma idan an ga karatu ya ɗauki lokaci fiye da ƙa'ida, a tuna makarantu sun rufe a 2020 saboda annobar korona, kuma malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata 8 a 2022. Wannan ba sakacin yaro ba ne.

Abin da ya taɓa da hannunsa

A nan ne ya kamata a daɗe. Kyawun Turancin takarda yanzu ba ya nuna kome. Yawancin waɗannan takardu a shagon buga takardu ake yin su, a ɗauko ta wani a canza suna, shi ya sa za a ga samari huɗu kowa ya ce shi mai ƙwazo ne mai son aiki tare da jama'a, da kalmomi iri ɗaya. Tun ƙarshen 2022 kuma aka sami ChatGPT da ire-irensa, waɗanda ke rubuta wa mutum takarda mai daɗin karatu cikin minti guda. Saboda haka malami ya tsallake yabon kai, ya nemi abu uku: wane aiki, a ina, wace shekara.

Wanda ya rubuta cewa yana da ƙwarewa a harkar hasken rana bai faɗi kome ba tukuna. Wanda ya ce ya haɗa faifai 12 a rijiyar wani ƙauye cikin 2023, a ƙarƙashin ubangidansa wane, ya ba da abin da za a kama. A lura kuma da bambancin "na haɗa" da "an haɗa tare da ni". Mai yiwuwa shi tsani ya riƙe.

Jerin sunaye masu yawa shi ma abin lura ne. Idan yaro ɗan shekara 23 ya ce ya iya lantarki, da famfo, da gyaran kwamfuta, da haɗa intanet, da walda, to mafi yawa ya leƙa kowanne ne. Kalmar "iya kwamfuta" ma kanta sana'o'i ne dabam dabam. Mai buga wasiƙa da Word da shirya lissafi da Excel dabam, mai buɗe kwamfuta ya gyara dabam, mai rubuta manhaja dabam, kamar yadda maƙeri da mai tuƙa garma duk ƙarfe suke taɓawa amma ɗaya ba ya aikin ɗaya. Kafin a buɗe takardar kowa, kwamiti ya rubuta da Hausa, cikin layi biyu, aikin da ake so a yi. Asibitin ƙauye mai bukatar wanda zai shigar da sunayen marasa lafiya ba ya bukatar mai digiri. In ma an ɗauke shi, ba zai zauna ba, da ya sami aiki a Dutse ko Kano zai tafi.

Wani abu kuma ya shafi ƙasarmu musamman. Ƙarƙashin Birnin Kudu da Gwaram dutse ne, irin wanda ake gani ya fito fili a Dutsen Habude, kuma ruwa yana cikin tsagogin dutsen da rubabben saman sa ne. Wajen Hadejia da Gumel kuwa yashi ne da laka. Rijiyar ƙasar dutse sau da yawa ruwanta kaɗan kaɗan yake taruwa, idan aka zura mata injin da ya fi ƙarfinta, wanda masu aikin ke kira sumo, sai ya zuƙe ruwan ya ci gaba da juyi a bushe har ya ƙone. Wanda duk aikinsa a ƙasar yashi ya yi yana iya zama gwani, amma a tambaye shi ko ya san wannan.

Tambaya da bincike

Ba sai mai tambaya ya san amsa ba. A ce wa yaro ya bayyana da Hausa aiki ɗaya daga cikin waɗanda ya rubuta: zurfin rijiyar mita nawa, injin doki nawa ne, me ya fara lalacewa, yaya ya gane. Wanda ya yi aikin da hannunsa yakan tuna har ranar da kayan suka ƙi zuwa da kuɗin da aka kashe. Wanda bai yi ba sai ya gudu cikin Turanci. Mu a ganinmu, yaron da ya ce "Ranka ya daɗe, wannan ban iya ba, sai dai a kira ubangidana" ya fi wanda ya amsa kome da "na iya".

Sa'an nan hakimi yana da wani abu da babu wani ofishi a Abuja da ke da shi, watau dagatai da masu unguwanni. Idan yaro ya ce ya yi aiki a Basirka ko Sundimina ko Kantoga, a aika wa dagacin garin a tambaya: an san shi, kuma abin da ya haɗa yana aiki har yau? In a wata gunduma ne, ko a ƙetaren iyaka cikin ƙasar Ningi, wasiƙa ɗaya tsakanin hakimai ta isa. Wannan ya fi lambar wayar da yaro ya rubuta a ƙasan takarda, domin mai yiwuwa ta kawunsa ce.

Wannan hanya ita ce kuma ke ba da dama ga wanda ba shi da takardar makaranta. Akwai masu gyaran famfo da janareta da suka yi shekaru wurin ubangida a Kano, ba su da ko si-bi. Sunan ubangidansu da garuruwan da suka yi aiki su ne takardarsu, ana kuwa iya bincika su kamar na kowa. Sai dai in aikin na gwamnati ne mai matakin albashi, dokar aikin ta nemi takarda, hakimi ba shi da ikon yafewa. Abin da zai iya shi ne ya shawarci irin wannan mutum ya je ya zauna gwajin sana'a.

Game da takardun jabu, a nemi na asali a gwada da kwafin da aka kawo, a duba suna da ranar haihuwa su dace da katin ɗan ƙasa. Sakamakon WAEC da NECO da NABTEB ana duba su ta intanet. Na kwaleji da jami'a kuwa sai a rubuta wa magatakardan makarantar.

Har wa yau, a raba shaidar asali da shaidar gwaninta. Takardar da hakimi ke sa wa hannu tana nuna yaro ɗan gundumar ne, an san iyayensa. Kada malami ya ƙara a ciki cewa gwani ne a kan injin da ba wanda ya ga ya taɓa. Idan zaɓe ya rage tsakanin biyu ko uku, a roƙi ƙaramar hukuma ko hukumar ruwa ta aiko ma'aikacinta na fasaha, a kai su gindin rijiyar ko gaban kwamfutar, kowa ya yi aikin rabin sa'a a gabansa. Malami ya rubuta abin da ma'aikacin ya faɗa, da sunansa da kwanan wata, ya haɗa da takardun ya ajiye a fayil ɗin gunduma.