Sa'ad da Makiyayi Ya Yi Tuntuɓe

Ya ɗan'uwa, kai da ka shigo ikilisiya kwanan nan, akwai wani gwaji da ba a cika faɗarsa a ajin baftisma ba. Za ka ji labarin shugabannin da suka ba da kunya. A shekara ta 2002 asiri ya tonu a birnin Boston na Amurka, cewa manya sun daɗe suna rufe laifin limaman da suka ɓata yara. Waɗansu masu bi da suka ji haka suka daina zuwa sujada.

Kada ka ce sharrin maƙiya ne, gama abin ya faru. Amma da sunan wa aka yi maka baftisma? Tun zamanin Agustin, bishop na Hippo a arewacin Afirka, aka yi wannan gardama, shi kuwa ya koyar cewa baftisma ta Almasihu ce, ko da hannun da ya zuba ruwan ba shi da tsarki. Bitrus ma ya yi musun Ubangijinsa sau uku.

Ka tuna kuma da Michael Nnadi, ɗan shekara 18, wanda yake koyon aikin limanci domin ikilisiyar Sakkwato. Aka sace shi daga makarantarsu a Kaduna, aka kashe shi a 2020. Shi ma ɗan gidan nan ne.

In ka ga fada yana aikata mugunta, kada ka tsaya ga tsegumi. A 2019 Paparoma Francis ya umarci kowane bishop ya buɗe hanyar karɓar ƙara irin wannan. Kai maganar can. In yaro aka cuta, ka sanar da hukuma kuma.