Jasper Snowdon da Lissafin Ƙararrawa

A wurinmu aikin ƙararrawa bai wuce "a shiga aji" da "a tashi" ba. A Ingila kuwa, buga ƙararrawar coci fanni ne mai zaman kansa, har da littattafansa. Cikin waɗanda suka rubuta su a zamanin Sarauniya Biktoriya akwai Jasper Snowdon, wanda aka haifa a 1844. Mahaifinsa limamin coci ne a garin Ilkley, cikin yankin Yorkshire.

Akan rataye manyan ƙararrawa a hasumiya, kowace da igiyarta da mai janta. Ba waƙa suke kaɗawa ba. Jerin bugun suke ta sauyawa, bisa sharaɗi biyu: kada a maimaita jeri, kuma kada ƙararrawa ta matsa fiye da gurbi ɗaya a sauyi guda, domin nauyinta ba ya barin a hanzarta ta yadda aka ga dama. Dubi guda uku:

123, 213, 231, 321, 312, 132, sai a koma 123.

Jeri shida ke nan, wato 3×2×1. Ashe lissafin jerantawa ne, wanda ke ba 'yan SS wuya a jarrabawa! Ƙararrawa huɗu na ba da jeri 24, biyar 120, shida 720. Bakwai kuwa 5,040, aikin kusan awa uku ba hutu. Na takwas 40,320 ne, kuma da aka buga su duka a Loughborough a 1963, sai da aka kusa cin awa 18.

Abin mamaki, ba a riƙe takarda. Mai ja yana kallon igiyoyin 'yan uwansa ne ya gane wadda zai bi. Wannan gwanintar ido ita Snowdon ya sa wa littafinsa na masu koyo suna, Ropesight, a 1879. A ganina nan ya yi fice: ya ɗauki abin da gwanaye ke yi da ka, ya warware shi daki-daki. Ya ƙara da Standard Methods a 1881. Shi ne kuma shugaban farko na ƙungiyar masu buga ƙararrawa ta Yorkshire, wadda aka kafa a 1875. Ya rasu a 1885, ɗan uwansa William ya ci gaba da fitar da littattafan.

Ga aiki: ku jera 1234 sau 24 bisa sharaɗin nan biyu. A wannan karon an yarda a musanya ƙararrawa biyu-biyu a lokaci guda, kamar 1234 zuwa 2143. Ku kawo amsa wurin 'yan kulob kafin Juma'a.