Jarfa a Baƙuwar Ƙasa

Ya kai saurayin Tambuwal ko Kebbe, mai tafiya cin rani Kumasi ko Kwatano, ka yi hankali da masu yin jarfa. Ƙunshin lalle bisa fata yake zama, bayan mako 2 ko 3 ya koɗe. Amma tawadar jarfa, allura ce ke kai ta ƙarƙashin fata, sabulu ba ya fid da ita har tsufa. Allurar da ta huda wani kuwa takan ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau. Littafin Firistoci, sura 19, aya 28, ya hana Isra'ilawa wannan al'ada. Jikinka amana ne. Kada marmarin yini guda ya sa ka komo gida da abin da za ka ɓoye wa mahaifinka.